Daidaiton jinsi a jami'o'inmu: me ake nufi da shi, kuma me zai canza wa ɗalibai da ma'aikata?

Duk lokacin da wata jami'a a Najeriya ta sanar da cewa ta fito da tsarin daidaiton jinsi, ko ta buɗe cibiyar nazarin jinsi, ko aka naɗa mace shugabar jami'a, sai ka ga Facebook ya rabu gida biyu, wasu na murna wai an fara ba mata haƙƙinsu, wasu kuma na cewa ga shi nan an fara cusa mana aƙidar Turawa a fakaice. Kuma idan ka tsaya ka karanta muhawarar da kyau za ka ga ba a kan abu ɗaya ake magana ba, wannan yana maganar raba muƙamai rabi da rabi, wancan yana maganar lakcarorin da ke neman ɗalibai mata da lalata, wani kuma can hankalinsa na kan auren jinsi. Duk an cure su an zuba a buhu ɗaya, alhali kowanne zaman kansa yake yi, da dokarsa da tarihinsa da masu adawa da shi.

Kalmomin da ake rikitawa

Jinsi a takardun jami'o'in Najeriya maza da mata ake nufi, da irin rawar da al'umma ta saba ɗora wa kowanne. Abin da ya sa mutane da yawa a Arewa ke ɗari-ɗari da kalmar shi ne a ƙasashen Yamma an faɗaɗa ta ta haɗa da masu auren jinsi da masu sauya jinsi, kuma ba a manta hayaniyar da aka yi a watan Yulin 2024 kan yarjejeniyar Samoa ta haɗin gwiwa tsakanin Tarayyar Turai da ƙasashen Afirka da wasu yankuna ba, lokacin da labari ya bazu cewa gwamnati ta sa hannu a takardar da ta halasta wannan, gwamnatin kuma ta fito ta ƙaryata. A doka dai, dokar haramta auren jinsi ta 2014 tana nan daram, kuma babu tsarin jami'ar da zai iya hawa kan dokar ƙasa.

Sai daidaito da adalci, waɗanda ake yawan musanya su. Daidaito shi ne a ba kowa abu iri ɗaya, maki ɗaya na shiga, albashi ɗaya a mataki ɗaya, ƙa'ida ɗaya ta ƙarin girma. Adalci kuma shi ne a duba halin da kowa ya taso a ciki, wanda aka bari a baya a ɗan tallafa masa har ya iya tsayawa a layi ɗaya da sauran. Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu, don da shi ake ɗaukar ɗalibai a jami'o'in tarayya shekara da shekaru: kashi 45 cikin 100 na gurabe bisa cancanta zalla, kashi 35 na 'yan yankin da jami'ar take, kashi 20 kuma na jihohin da aka bari a baya a ilimin boko, waɗanda yawancinsu jihohin Arewa ne. Wato ɗan Zamfara ko Yobe zai iya samun admishon da makin da bai kai na ɗan Anambra ba, hujjar kuwa ita ce ba daga wuri ɗaya suka faro ba. Masu kiran adalcin jinsi wannan hujjar ce dai suka ɗauko suka ɗora a kan maza da mata.

Na uku shi ne ware kaso, wato a ce lallai kashi kaza na gurabe ko muƙamai na mata ne. Hanya ɗaya ce cikin hanyoyi, kuma ita ce aka fi rigima a kanta, amma ba ita ce duka batun ba.

Daga ina abin ya taso

Sashe na 42 na kundin tsarin mulkin 1999 ya hana a nuna wa ɗan ƙasa bambanci saboda ƙabila, addini, asali ko kasancewarsa namiji ko mace. Kafin nan ma tun 1985 Najeriya ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta kawar da wariya ga mata, sannan ta amince da ta Tarayyar Afirka da ake kira yarjejeniyar Maputo a 2004. A 2006 gwamnati ta fitar da tsarin ƙasa kan jinsi, wanda daga nan ne maganar kashi 35 cikin 100 na muƙamai ga mata ta samo asali, har a watan Afrilun 2022 babbar kotun tarayya a Abuja ta yanke hukuncin cewa gwamnati ta aiwatar da shi. Sai dai majalisa ba ta taɓa sakin jiki da batun ba, a 2016 majalisar dattawa ta yi watsi da ƙudirin daidaiton jinsi na Sanata Biodun Olujimi bayan wasu sanatoci sun ce ya ci karo da addini da al'ada musamman ta wajen gado, a watan Maris na 2022 kuma 'yan majalisa suka ƙi amincewa da gyare-gyaren tsarin mulki guda biyar da suka shafi mata, har mata suka yi kwanaki suna zanga-zanga a ƙofar majalisar.

To tunda babu dokar ƙasa da ta tilasta, kowace jami'a ita da abin da hukumar gudanarwarta ta ga dama. Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife na cikin na farko da suka rubuta tsarin jinsi a 2009, Jami'ar Ibadan ta biyo baya, kuma a lokacin tallafin gidauniyar Carnegie ta Amurka ya taka rawa sosai, wanda shi ma yana cikin dalilan da wasu ke cewa abin daga waje aka kawo. A Arewa akwai cibiyar nazarin jinsi a Jami'ar Bayero, wadda Suwaiba Sa'id Ahmad ta taɓa shugabanta kafin a naɗa ta ƙaramar ministar ilimi a ƙarshen 2024.

Ɗalibai: shiga daban, zama daban

Idan aka kalli ƙasar gaba ɗaya, ta wajen neman shiga jami'a mata sun kamo maza, don a jarabawar JAMB ta 2024 mata sun ɗan haura rabin waɗanda suka yi rajista. Amma wannan lissafin na ƙasa ne, ya ɓoye bambancin da ke tsakanin yanki da yanki. A Kudu maso Gabas ma damuwar ta juye, samari ne ke barin makaranta su tafi koyon kasuwanci wurin ubangida, 'yan mata su cika azuzuwa. A Arewa maso Yamma kuwa binciken lafiya da yawan jama'a na 2018 ya nuna rabin mata kan yi auren fari tun ba su cika shekara 17 ba, wato daidai shekarun da ake zana jarabawar gama sakandare. Wannan giɓin ba jami'a ce ta haƙa shi ba, kafin a iso ƙofarta an riga an rage, shi ya sa wasu shugabannin jami'o'i ke cewa a je can firamare da sakandare a gyara, su abin da aka turo musu shi suke ɗauka.

Amma akwai ɓangaren da yake hannun jami'a ɗin kanta, shi ne abin da ke faruwa bayan yarinya ta shiga. Ɗauki ɗalibar da ta yi aure a aji biyu ta haihu a aji uku, wadda a Kano ko Sakkwato ko Zariya ba abin mamaki ba ce, a kowane aji akwai su. Ranar jarabawa za ka gan ta ta zo da ƙanwarta ko 'yar riƙo, ta bar mata jaririn a gindin bishiya a bakin hol da filas ɗin ruwan zafi da zanin goyo, tana rubutu kunnenta na waje, idan yaron ya tsala kuka sai ta roƙi mai sa ido ya bar ta ta fita ta ba shi nono, wani ya bari wani ya ce ƙa'ida ta hana, kuma mintocin da ta yi a waje ba wanda zai mayar mata da su. Idan haihuwar ta faɗo a satin jarabawa kuwa, a wuraren da babu rubutacciyar ƙa'ida sai abin ya koma ga halin shugaban sashe, mai tausayi ya shirya mata wata jarabawar, wanda ba ruwansa ya ce ta dawo baɗi, shekara guda ta tafi kenan, kuma ba kowane miji ne zai sake biyan kuɗin wata shekarar ba. Tsarin adalcin jinsi a nan ba wani abu mai wuyar fahimta ba ne, a rubuta ƙa'idar jinkirta semesta saboda haihuwa ba tare da an lissafa mata shi a matsayin faɗuwa ba, a samar da ɗakin reno a cikin makaranta, a daina sa lakcar dole da magariba ko bayan isha'i tunda ba kowace ce gidansu ko mijinta zai bari ta kai dare a waje ba.

Sai maganar ɗakin kwana, wadda yanzu ta zama maganar rai. A watan Satumban 2023 'yan bindiga sun shiga gidajen haya na ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau a Sabon Gida suka kwashi ɗalibai, yawancinsu mata, bayan 'yan makonni kuma aka ɗauke ɗalibai mata biyar na Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, su ma daga gidan haya a wajen makaranta. Namiji idan bai samu gado a hostel ba zai iya raɓewa wurin aboki ko ya kwana a masallaci ko aji har ya samu mafita, mace kuwa idan babu ɗaki mai tsaro a cikin makaranta iyaye da yawa cewa za su yi ta haƙura ta zauna a gida. Don haka yawan gadajen hostel ɗin mata kusan shi ne ke yanke yawan 'yan matan ƙauye da ƙananan garuruwa da za su yi karatu.

Yajin aiki da ƙarin kuɗin makaranta su ma ba iri ɗaya suke dukan kowa ba. Yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, na 2022 ya ɗauki wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba, a irin wannan dogon zama ne ake cewa tunda tana zaune gara a yi auren, kuma ba duk wadda aka yi wa auren ce ke komawa aji ba. Da jami'o'in tarayya da dama suka ƙara kuɗin rajista a 2023, uban da ke da yara biyu a jami'a kuma ƙarfinsa na ɗaya ne, sau da yawa lissafinsa shi ne namijin zai riƙe gida gobe, macen kuwa wani zai ɗauki nauyinta.

Wani abu da ba a cika sa shi cikin wannan lissafi ba shi ne sutura. A watan Disamban 2017 an hana Firdaus Amasa shiga bikin rantsar da sababbin lauyoyi a Abuja saboda ta ƙi cire hijabi, sai a 2018 aka rantsar da ita bayan hukumar lauyoyin ta amince da shi, a watan Yunin 2022 kuma kotun ƙoli ta tabbatar wa ɗalibai Musulmi mata 'yancin sa hijabi a makarantun gwamnatin jihar Legas. Ƙa'idar da ta ce kowa ya sa kaya iri ɗaya daidaito ce a takarda, amma wadda take korewa mace ce.

Ma'aikata: inda tsani ke tsukewa

Alƙaluman hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, NUC, na 2019 sun nuna mata ba su kai kashi ɗaya cikin huɗu na malaman jami'a ba, a matakin farfesa kuwa wajen 15 ne cikin 100. Albashi a jami'o'in gwamnati tsari ɗaya ne, babbar lakcara mace da babban lakcara namiji a mataki ɗaya kuɗinsu ɗaya, don haka matsalar ba a nan take ba, tana wajen hawa matakin.

Hawan kuwa ga yadda yake. Daga ƙaramin lakcara zuwa farfesa matakai ne da kowanne sai an yi aƙalla shekara uku a kansa, sai an yi digiri na uku, sai an tara maƙalu a mujallun bincike, an halarci taruka, an duba ɗaliban digiri na biyu da na uku. Shekarun da ake wannan fafutuka, daga wajen 28 zuwa 40, su ne kuma shekarun haihuwa da reno. Namiji zai samu tallafin karatu ya tafi Malesiya ko Ingila shekara uku ko huɗu ya bar iyali wurin matarsa da danginsa, ba mai cewa komai, macen da ta samu irin wannan dama kuwa sai ta samu yardar miji, ta san inda za ta ajiye yara, ko ta haƙura ta yi digirin a gida tana koyarwa tana duba takardun ɗalibai ɗari biyar tana girki, abin da za a gama a shekara uku ya ci shida ko bakwai. Ranar da kwamitin ƙarin girma zai zauna fayil kawai yake gani, wannan maƙala goma sha biyar wannan bakwai, ba ruwansa da cewa mai bakwai ɗin ta yi haihuwa uku a tsakani. Ba wanda ya zauna ya ce a danne mata, ƙa'idar ce aka tsara ta a zamanin da kusan duk malaman maza ne masu wanda ke riƙe musu gida.

Hutun haihuwa a aikin gwamnatin tarayya mako 16 ne, dokar ƙwadago ta ce mako 12, jihar Kaduna ta mayar da nata wata shida a 2019, kuma tun 2021 aka amince wa maza ma'aikatan tarayya hutun kwana 14 idan an yi musu haihuwa. Amma hutun bai tsayar da agogon ƙarin girma ba, shi ya sa wasu ke ba da shawarar a riƙa auna maƙalu da ainihin shekarun da mutum ya yi a bakin aiki.

A sama can, wajen shugabanci, mace ta farko da ta riƙe jami'a a Najeriya ita ce Farfesa Grace Alele-Williams a Jami'ar Benin a 1985. Daga Arewa an samu Farfesa Gambo Laraba Abdullahi a Jami'ar Abuja a farkon shekarun 2000, da Farfesa Fatima Batul Mukhtar a Jami'ar Tarayya ta Dutse daga 2016 zuwa 2021. Jami'ar Legas sai a 2022 ta samu tata ta farko, Farfesa Folasade Ogunsola, ABU Zariya da Bayero da Usmanu Ɗanfodiyo kuwa har zuwa 2025 ba a taɓa yi ba. Tunda galibi ana neman wanda ya daɗe yana farfesa kafin ya nemi kujerar, duk jinkirin da aka samu a ƙasa yana biyo mutum har sama. Rikicin Jami'ar Abuja ya nuna yadda abin ke cakuɗewa, Farfesa Aisha Maikudi ta hau kujerar a farkon 2025, wasu malamai suka ce ba a bi ƙa'ida ba kuma shekarunta a farfesa ba su kai ba, magoya bayanta suka ce don mace ce kuma matashiya ake mata haka, a watan Fabrairu shugaban ƙasa ya sauke ta ya rushe hukumar gudanarwar, wadda aka ba riƙon ƙwarya kuma ita ma mace ce, Farfesa Lar Patricia Manko. Kowane ɓangare ya samu abin kafa hujja a ciki.

Ana kuma yawan mantawa da ma'aikatan da ba malamai ba, sakatarori, ma'aikatan asibitin makaranta, da masu shara waɗanda da yawansu mata ne kuma a wurare da dama 'yan kwangila ne suka ɗauke su, ba su da hutun haihuwa balle fansho, tsarin jinsin jami'ar kuma bai cika ambatonsu ba.

Maki don lalata

Wannan shi ne ɓangaren da ya fi jan hankalin jama'a. A 2018 wata ɗaliba a Ile-Ife ta naɗi muryar Farfesa Richard Akindele yana neman ta da lalata don ya gyara mata maki, jami'ar ta kore shi, hukumar yaƙi da cin hanci ta ICPC ta kai shi kotu aka ɗaure shi shekara biyu. A watan Oktoban 2019 binciken ɓoye na BBC a Jami'ar Legas da Jami'ar Ghana ya sake tayar da ƙura. A 2023 ɗalibai mata na tsangayar shari'a a Jami'ar Kalaba suka fito da kwalaye suna zanga-zanga kan shugaban tsangayar, Farfesa Cyril Ndifon, wanda shi ma ICPC ta gurfanar da shi, kotu ta yanke masa shekara biyar a ƙarshen 2025.

Abin lura a duk waɗannan shi ne ba ta hanyar ofishin ƙorafin jami'a maganar ta fara fitowa ba, sai da aka naɗi murya, ko aka ɗauki bidiyo, ko aka yi zanga-zanga. Dalili kuwa a fili yake, wanda za a kai ƙara shi ke riƙe da makinta ko shi ne sufabaizan furojet ɗinta, waɗanda za su saurari ƙarar abokan aikinsa ne da suke shan shayi tare, sannan a wurinmu yarinyar da ta fito ta yi magana ita ake fara tambaya me ya kai ta ofishinsa, wace irin shiga ta yi, kuma maganar na iya bin ta har ranar da aka zo neman aurenta. Shi ya sa da yawa ke gwammace su ci kari-oba su yi shiru.

Majalisar dattawa ta amince da ƙudirin hana cin zarafin ɗalibai a 2020, wanda Sanata Ovie Omo-Agege ya kawo, da hukuncin ɗaurin da zai iya kai shekara 14, kuma ya tanadi cewa malami ba zai kare kansa da cewa ai da yardarta aka yi ba, tunda wanda ke riƙe da makinka ba a cewa kun yi yarjejeniya tsakani da Allah. Ƙudirin bai zama doka ba har Shugaba Buhari ya sauka. ASUU ta soki ƙudirin tun farko, ta ce an ware malaman jami'a kaɗai kamar su ne kawai masu wannan laifi alhali yana faruwa a ma'aikatu da kamfanoni har da majalisar kanta, ta ce akwai dokokin da suka wadatar irin su dokar hana cin zarafin mutane ta 2015, kuma ɗalibar da ta faɗi jarabawa na iya amfani da shi ta yi wa malami ƙazafi. Masu goyon baya suka ce ƙudirin ya tanadi hukunci ga mai ƙarar ƙarya, kuma alaƙar malami da ɗalibi amana ce ta musamman da ta cancanci doka ta musamman. Tsoron ƙazafin ba wasa ba ne, don sunan malami idan ya ɓaci ko kotu ta wanke shi da wuya ya gyaru, kuma maganinsa shi ne dai maganin tsoron ɗalibar, wato kwamiti mai zaman kansa da ke da mutanen waje a ciki, mai wa'adin gama bincike, mai ɓoye sunayen ɓangarorin biyu har a gama, sannan a ba wani malamin daban takardun ɗalibar ya duba muddin ana binciken.

Inda ake jayayya

Kan hostel da ɗakin reno da hukunta mai lalata da ɗalibai, da wuya ka samu malamin addini ko basarake ko uba da zai ce a'a. Rigimar tana kan ware kaso ne da rage maki.

Masu goyon baya na kawo misalin Jami'ar Makerere a Uganda, wadda tun 1990 take ƙara wa duk mace mai neman shiga maki ɗaya da rabi, kuma daga kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ɗalibai yanzu mata kan kai rabin waɗanda ake yayewa ko su ɗan haura. Suna kuma cewa al'ummar da ta fi kowa son mace ta duba mace a asibiti ita ce ta fi buƙatar likitoci da ungozomomi da malamai mata, kuma ba daga sama za su faɗo ba. Daga cikin gida ma suna kafa hujja da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo wanda ya soki malaman da ke karantar da almajirai su bar matansu da 'ya'yansu cikin jahilci, da 'yarsa Nana Asma'u da tsarin 'Yan Taru da ta kafa, inda malamai mata da ake kira jaji ke bin ƙauyuka suna karantar da mata.

Masu adawa kuma kashi-kashi ne. Akwai masu maganar cancanta, su ce gurbin da aka ba mace da rangwame wani yaro aka hana, wataƙila ma ɗan talakan da ya fi ta buƙata, kuma a Makerere ɗin ma an soki tsarin da cewa 'yan matan birni da suka yi manyan makarantu ne suka fi cin moriyarsa. Akwai mata malaman jami'a da kansu da ba sa son kaso, don ba sa so a riƙa cewa kujerar alfarma aka ba su. Akwai kuma masu kallon abin ta fuskar addini, waɗanda ba karatun mace suke ƙi ba, cakuɗuwar maza da mata da kuma duk wani tsari da zai ce babu bambancin nauyi tsakanin miji da mata a gida suke ƙi, su a wurinsu mafita ita ce makarantun mata zalla, irin Jami'ar Ahfad ta mata da ke Omdurman a Sudan ko Jami'ar Gimbiya Nura a Riyad. Wannan hanya tana buɗe ƙofa ga 'yan matan da in ba haka ba ba za a bar su su fita ba, sai dai tana da tsada, kuma sai an samu mata farfesoshi da yawa kafin a cika ta da malamai, wanda ya sake dawo da mu kan matsalar ƙarin girma.

Akwai tsaka-tsaki da wasu jami'o'i ke bi, ba a rage maki ba amma idan biyu suka yi kunnen doki a ɗauki wanda jinsinsa ya yi ƙaranci a sashen, wanda a injiniya zai amfani mace, a sashen jinya kuma ya amfani namiji, ko a buɗe ajin share fage na kimiyya ga 'yan mata su cike giɓin kafin su shiga gasa da kowa.

Abin da zai taɓa mutum a gida

Ga uba ko miji, inda aka aiwatar da tsarin da gaske, bambancin da zai gani shi ne 'yarsa ta samu gado a cikin makaranta, matarsa ta haihu ba ta rasa shekara ba, kuma akwai lambar waya ko ofishin da za a kai kuka ba tare da an bi ta hannun shugaban sashen da ake ƙara ba. Ga ɗalibi namiji, idan jami'arsu ta ɗauki hanyar kaso gasar shiga kwasa-kwasai irin likitanci da shari'a za ta ƙara zafi a ɓangarensa, amma ofishin ƙorafin da aka kafa shi ma zai amfane shi ranar da wani malami ya matsa masa sai ya sayi handawut ko ya ba da kuɗi kafin ya ci. Ga malamai maza, za a ƙara sa ido, ganawa da ɗaliba ƙofa a buɗe, a lokacin aiki, wanda wasu za su ji kamar an zarge su, wasu kuma su ga kariya ce gare su.

Sai dai duk waɗannan kuɗi suke ci, hostel mai katanga da masu gadi, ɗakin reno da ma'aikatansa, malamin wucin gadi da zai riƙe ajin mai hutun haihuwa, a jami'o'in da ke kukan ko kuɗin wutar lantarki ba sa iya biya. Rubuta tsari da kiran taron ƙaddamarwa kuwa ba ya cin komai, shi ya sa za ka samu jami'a da takarda mai shafi talatin amma cibiyar jinsin ɗaki ɗaya ce da ma'aikata biyu ba kasafi. Mai son sanin ko jami'ar da zai kai 'yarsa da gaske take sai ya tambayi gadaje nawa ne a hostel ɗin mata idan aka kwatanta da yawansu, ko ƙa'idar jinkirta semesta saboda haihuwa tana cikin littafin dokokin ɗalibai, da kuma ƙararraki nawa kwamitin ladabtarwa ya saurara bara da abin da aka yi da su.